Karan Da Anka Auna Ni Da Shi

Shafi na 9

Masu ƙorafin na yi kwana huɗu ban sa komi ba, na ji. Hajiyar da ta rubuto mani "Malam, ko mutuwa ka yi?", ki daure ki karanta wannan. Tambayarki ba ta yi nisa da gaskiya ba kamar yadda kike zato.

Waɗanda sunka shigo yau, ga inda muke.

Ni ne Sadiƙu, shekara hamsin da huɗu, ashirin da takwas daga ciki a kan kujera guda cikin wani buro, wato ofis, a Ƙonni. Watan jiya na je sabunta katin ɗan ƙasa, ɗan sanda ya jingina ni da bango ya auna, ya samu metir ɗaya da sittin da huɗu. Tsohon kati ya ce da saba'in da biyu. Ya dubi katin, ya dube ni, ya ce, "Baba, ina ka baro sauran?"

Uku daga cikin santimita takwas ɗin nan ban taɓa mallakarsu ba, ɗage na yi ranar awon farko don akwai wata budurwa a layi. Amma biyar nawa ne na halak, kuma sun tafi ba sallama.

Likita Mahamudu bai ga abin mamaki ba. Ya ce akwai wata 'yar tsoka ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ba ta wuce ƙwayar wake ba, ita ke fitar da sinadarin da ke sa yaro girma, in an girma kuma shi ke gyaran ƙashi da nama. Tun mutum na wajen talatin take rage hannu. Tumbi na ƙara danne ta, da sukari, da yawan zama, da guntun barci. Ya jero huɗun nan yana kallona kamar mai karanta tarihina. Ya ce ƙashin bayana ne ya yi laushi yana zama, in rage shayi, in riƙa tafiya ƙasa.

Na yayana Muttaƙa ne ya sa likitan ya ajiye biro.

Shi nashi akasin nawa ne. Shekara sittin da ɗaya, amma hannunshi na ƙaruwa, ƙafarshi na ƙaruwa, haɓa ta turo gaba, haƙora sun ba juna wuri. Da ƙyar na ja shi sau ɗaya anka ɗauki hoton kanshi. Likita ya ce tashi 'yar tsokar ce ta kumbura, tana zuba ba tsayawa, kuma tana danne jijiyar ido. In ba a kai shi Yamai an yi aiki ba, zai makance kafin wata damina. Abin da ke bayan makantar bai faɗa ba, rufe takardun kawai ya yi.

Ranar Juma'a da hantsi na karɓo takardar randebu, wato ranar ganin likitan Yamai, Litinin ƙarfe takwas na safe. Asabar na tada tsohuwar motata na nufi ƙauyenmu, gaba kaɗan da Bazaga, don in ɗauko shi.

Abu ɗaya da za ku riƙe: Muttaƙa shi ne mai ginar kabari na garinmu. Ya gaji babanmu. Ni na gaji kujera.

Wata goma ke nan, in na shigo gari tsofaffin bakin masallaci miƙewa suke su gaishe ni da hannu biyu, mata kuma su riƙa kallon ƙasa ta bayana, wajen inuwata. Na ɗauka girma ne ya iso. Har na ce wa matata Badi'a, a ƙarshe dai mutanen nan sun gane ko ni wane ne.

Barira, matar Yaya, na tarar tana tsinke ganyen wake a tsakar gida.

"Mijin buro," ta ce. "Kai na, ko ɗanka ka aiko?"

"Ni na, Barira. Abin da ya rage."

"To yi sauri ka zamna kahin ka ƙare."

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ta nuna mani rumfa da baki.

Yana zaune kan tabarma, ƙafa ba takalmi, don takalmin da zai shige shi ba a sayar da shi a kasuwar Ƙonni, na duba. Na yi sallama daga gefenshi. Sai da ya juyo da kai gaba ɗaya, a hankali, kamar raƙumi, sannan ya same ni.

"Ɗan lakwal."

Haka yake kirana tun da anka sa ni lakwal, makarantar boko. Muryar nan ba ita na sani ba ina yaro. Wannan daga ƙasan rijiya take fitowa.

Na durƙusa na gaishe shi. Munka gama da gida, da gona, da awaki. Na ciro takardar na miƙa mashi. Ya riƙe ta da yatsu biyu, ta koma kamar tikitin mota a hannunshi.

"Mi ta ce?"

"Ta ce Litinin, Yaya. Yau mu kwana Ƙonni, gobe mu kama hanya."

"Ka gaishe su."

"Su wa?"

"Mutanen Yamai."

Ya miƙo mani abata.

Na yi mashi bayanin ƙwayar wake daga farko, da hannu da komi, yadda likita ya yi mani. Ni da nake jin daɗin bayani. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba, ya ce, "Ka iya magana. Kuɗin lakwal ba su hwaɗi banza ba."

"Yaya, idonka ne zai tafi."

"Na ga abin da ya ishe ni."

"Bayan idon fa?"

"Bayan ido sai hutu."

Barira ta dire ƙwaryarta. Ta dubi mijinta, ba ta ɗaga murya ba.

"Malam, ka hwaɗa mai, ko ni in hwaɗa mai."

"Barira."

"Wata goma ina dahuwa da abin ga bisa raina. Yau ko dai ya ji daga bakinka ko daga nawa."

 Ya ce mata, "Ɗauko."

"Ni ban taɓa shi."

Ya dafa ƙasa ya tashi da kanshi. Ya nufi rumbu yana laluben iska da hannu ɗaya, ya zura hannu ƙarƙashin jinka, ya zaro wani dogon abu.

Karan dawa ne. Busasshe, miƙaƙƙe, an ɗaure mashi ɗan ƙyallen fari a kai.

Wanda ya girma a gidan mai ginar kabari ba ya tambayar menene wannan. Da shi ake auna mamaci, daga tsakar kai zuwa diddige, a kai maƙabarta a gina daidai. In an gama a karya shi a jefa ciki tare da mai shi. Ba a dawowa da shi gida. Ina yaro na taɓa ɗaukar wani na yi doki da shi, dukan da na sha ranar har yau in hadari ya taso ina jin shi.

"Na wane ne?" na ce.

"Tashi tsaye. Cire hula."

Na tashi. Na cire. Ban san dalilin da ya sa na bi ba, sai dai in Yaya ya ce cire hula, shekara hamsin da huɗu ba su hana.

Ya kafa karan ƙasa jikin diddigena, ya ɗora tafin hannunshi a kaina. Na ji ƙyallen ya taɓa hannun, hannun ya taɓa sanƙona, lokaci guda.

"Naka na," ya ce.

Na koma na zauna. 

"Ka tuna kakar bara," ya ce, "da ka hwaɗi a gona?"

Na tuna. Na zo ganin girbi, na duƙa na kama zangarniya don a ɗauke ni hoto, shi ne aikin gona na farko da na yi cikin shekara ashirin. Duhu ya rufe ni. Na farka a ɗakin marigayiya Inna, an lulluɓe ni da zane har ka, ɗakin na ƙamshin turare. Anka ce mani 'yar suma ce, rana ce ta buge ni. Har na nemi shayi.

"Ba suma ba ta," in ji Yaya. "Ko in ce, ba haka munka gani ba. Liman ya taɓa wuyanka, ba komi. Anka kanga maka madubi a hanci, ba komi. Maigari ya zo ya duba. Ni na ruhe maka ido da hannun ga."

"Minti nawa?"

"Daga hantsi har bayan azahar."

"Badi'a fa? Ba wanda ya kira ta?"

"An hau tudu an nema, waya ba ta shiga ba."

Barira ta ce, tana kallon ganyen wakenta, "Ruwan da na haɗa maka shayin nan da shi, na wankanka na. Ya riga ya yi zahi, na ga kada a yi ɓarna."

Na tuna na yaba shayin. Na ce mata yana da wani ɗanɗano. Ashe ganyen magarya ne.

"Na yanke karan ga a gonar da ka hwaɗi," Yaya ya ci gaba. "Na auna ka. Na tahi na gina. Ina share ƙasan ramin da hannu anka zo anka ce mani ka yi atishawa."

Yanzu na gane gaisuwar hannu biyu. Na gane matan da ke duba ko ina da inuwa. Wata goma ina yawo cikin garin nan ina ɗaga hannu kamar ɗan takara, ashe kowa kallon gawar da ta fasa yake mani.

"To alhamdu lillahi," na ce, da muryar buro. "An yi kuskure, Allah ya gyara. Mene ne haɗin wannan da Yamai?"

"Baba ya hwaɗa mani sau guda, don abin bai taɓa hwaruwa ba a zamaninshi. In anka gina ma mutum ya tashi, shi da hannunshi za ya hwara zuba ƙasa cikin ramin, kahin rana ta hwaɗi. Sannan a cike, a ƙone kara."

"Me ya hana?"

"Wa za ya hwaɗa maka?"

"Kamar yaya wa zai faɗa mani?"

"Kana zamne kana shan shayi kana ba mu labarin tsadar mai. Munka taru a zaure. Liman ya ce ni na babba, ni ya kamata. Na ce da wane baki zan ce ma ƙanena tashi mu tahi ka ga kabarinka. Maigari ya ce mutumen ga mai hawan jini na, in ya ji ya sake hwaɗuwa, wanga karon ba atishawa. Kowa na tura ma kowa. Muna nan anka kira magariba."

Kunya. Ku da ke karatu daga nesa, ku sani a garinmu mutum zai iya binne ka da rai, amma ba zai iya faɗa maka abin da zai sa ka ji nauyi ba.

"Liman ya ce camhi na, in cike abina," in ji Yaya. "Na ce to. Na ruhe shi da zana."

"Yana nan buɗe?"

"Yana nan."

Ya juya karan ya nuna mani gindin. A cinye yake, baƙi-baƙi, da 'yar ƙasa a manne.

"Ranar da na yanke shi ya hi haka da yatsa ukku."

Na auna yatsuna uku da ido. Santimita biyar, ko kusa. Ban faɗa ba.

"Gara ce, Yaya."

"Gara ta."

"To ka gani."

"Wa ya hwaɗa ma gara awonka?"



Ya zauna, ya ɗora karan bisa cinya yana shafa shi kamar akuyar da ya raina.

"Kwana ukku bayan ka koma Ƙonni na tahi na ɗaga zanar. Na shiga na kwanta. Bai ɗauke ni ba, na hi ka tsawo tun can, sai da na naɗe gwiwa. Na ce, Allah, yaron ga ni na goya shi. Ni na kai shi lakwal bisa jaki yana kuka. Rami ya riga ya buɗe baki. In wani za ya ci, ga ni."

Barira ta tashi ta shige madafa. Ba abin da ke kan wuta.

"Tun ran nan kowace Juma'a da sahe nakan tahi in gwada. Kai kana raguwa, kana hita daga awonshi. Shi yana buɗewa. Da azumi na miƙe ƙahwata ciki ba naɗi. Kahwaɗa ta shiga. Ya bar ka, Sadiƙu. Ya juyo wajena. Jikin ga da kake gani yana cika, shaida ta ya amsa."

"Gefen rami ne ke zubewa. Kowane rami haka yake."

"Shekara arba'in ina gina. Nawa ba su zubewa."

"Likita ya ce abin nan ya fi shekara goma a kanka. Tun kafin in faɗi. Barira, ba tun kafin nan maƙeri ya yanke mashi zobe ba?"

Daga madafa ta ce, "Tun kahin nan na."

"Ka ji."

"Zobe daban," in ji Yaya.

"Allah ke kashewa, ba rami ba."

"Ban ce ba Shi ba na. Na roƙe Shi, kuma ga alama Ya ji. Yanzu kai ka zo da takarda in tahi in ce na hwasa." Ya juyo da fuskar nan tashi gaba ɗaya ya saita ni. "Tambaya guda zan yi maka, ɗan lakwal. In sunka cire abin ga, na warke, ramin ya koma ga wa?"

Ni mutum ne da ba ya yarda da abin da ba hatimi a kai. Shekara ashirin da takwas ina mayar da mutane gida saboda sun zo da magana ba takarda. Amma da ya yi tambayar nan sai na ji sanyi ya bi ƙashin bayana, ƙashin nan dai da likita ya ce ya yi laushi, tun daga wuya har inda yake ƙarewa.

Tsoro ya sa ni fushi, kamar yadda ya saba.

"Tashi," na ce. Ban taɓa ce mashi tashi ba tun da anka haife ni. "Mu je. Ƙasa ce ban zuba ba? Yanzu zan zuba. In cike shi da hannuna, mu ƙone karanka, mu shiga mota."

Bai yi gardama ba. Wannan ya fi ba ni tsoro.

Munka fita ta bayan gari. Gero ya fi ni tsawo, abin da ba wuya yanzu. Yana gaba da kara a hannu, ina baya ina haki, ina sa ƙafata cikin sawunshi, tana ɓacewa ciki kamar ta yaro. Rana tsaka, ba ko iska. Wata mata ta fito daga gona da itace a kai, ta gan mu, ta ga karan, ta koma cikin geron.

A bakin maƙabarta ya yi wa mutanen ciki sallama, da sunan wasu. Ni ma na yi, a hankali, kamar sabon ma'aikaci.

Can ƙarshe ne, gindin wata aduwa. Zana ce shimfiɗe, an danne kusurwoyinta da duwatsu, an ɗora ƙaya. Ya janye ƙayar da hannu tsirara. Ya kama gefe ɗaya, na kama ɗaya, munka ɗaga.

Wani sanyi ya fito, mai warin sabuwar tukunya.

Zan faɗi gaskiya, ban taɓa ganin abin da anka yi domina da kyau haka ba. Gefe a miƙe, ƙasa a share, wajen kai an lallaɓa shi sumul. Gidan da nake haya a Ƙonni bai kai shi aiki ba.

Na duƙa na cika hannuna da ƙasa.

"Tsaya," in ji Yaya.

Ya durƙusa bakin ramin. Idon ba ya ba shi duka, don haka da hannu yake gani. Ya bi gefen da tafinshi tun daga wajen kai, yana ja da gwiwa, yana bi, yana bi. Kafin ya kai ƙarshe hannun ya ci karo da ƙasa.

Wajen ƙafa ya rufto. Ƙasa ce ɗanya, ja, ta cike ƙarshen ramin, kuma ba a warwatse ba. Ta tsaya a miƙe kamar an sa mata katako.

Ya daɗe da hannu a wurin.

"Ruwan daren jiya ne," na ce. "An yi ruwa har Ƙonni."

 Ya ɗauki karan, ya riƙe shi a kwance, ya sauke shi cikin ramin a hankali. Ƙyallen ya taɓa wajen kai. Gindin da gara ta ci ya taɓa sabuwar ƙasar. Ya zauna ciki cif, ba a tura ba, ba sauran wurin da za a sa allura.

"Yaushe ka amso takardar ga?" ya ce, bai ɗago ba.

"Jiya."

"Wane lokaci?"

"Da hantsi."

"Jiya da sahe na kwanta nan. Ya ɗauke ni har da sauran taƙi guda."

Wani tsuntsu ya tashi daga aduwar. Na bi shi da ido don in samu abin kallo.

Ƙasar na nan a hannuna, ta jiƙe da gumi. Na miƙa hannu bisa ramin. Ya cafke wuyan hannuna, yatsunshi sunka zagaye shi har sunka hau juna.

"Kada. Wancan na ranar na, kahin rana ta hwaɗi. Yanzu da ya koma awonka, in ka zuba, sa hannu ka yi. Kai ka san sa hannu."

Na san sa hannu. Na buɗe tafina a waje, ƙasar ta zube kan takalmina.

Ya sake ni. Muryarshi ta yi laushi, irin wadda yake lallashina da ita a kan jaki.

"Ba a makara ba. Takarda ta kawai ya ji. Yaga ta nan, ya gani. Mu koma gida, Barira ta dama muna hura. Gobe in zo da sahe in kwashe ƙasar ga, in kwanta, ya tuna da ni. Kai kana da ɗiyarka Muhsina ba ta gama lakwal ba. Ni nawa duk sun yi gidansu."

Ga wurin da nake so in ce maku na yi dariya, na ce Yaya bar wannan zance. Haka jarumin labari zai yi. Ku yi haƙuri, ni kunka samu.

Hannuna ya riga ya shiga aljihu. Na ji takardar. Na tuna Muhsina da jakarta. Na tuna Badi'a, wadda ba ta ma san ta taɓa yin takaba ta rabin yini ba. Na ce a raina, ai randebu ana sake shi. Wata ɗaya, wata biyu, har damina ta wuce ƙasa ta bushe, a ga abin da ramin zai yi. Ba ƙin kai shi na yi ba, ɗagawa ce. Mu a buro ba mu taɓa ƙin kowa ba, cewa muke ya dawo.

Na ciro ta. Na kama gefenta da yatsu huɗu. Na ji ta fara, ƙyat, kamar tsawon farce.

"Sadiƙu?"

Na dube shi. Yana durƙushe, yana juya kai hagu da dama, a hankali.

"Sadiƙu, kana nan?"

Taku ɗaya ne tsakaninmu. Ina tsaye dab da kafaɗarshi ta dama, inuwata ma a kan hannunshi take. Mutumin da ke hango jinjirin wata kafin kowa a garin nan, yana nemana da rana tsaka.

Na ninke takardar na mayar aljihu.

"Ina nan, Yaya."

"Ka yaga?"

"A'a. Tashi mu je ka ɗauki kayanka. Yau Ƙonni za mu kwana."

Ya juyo har ya same ni. Ya daɗe yana kallona da ɗan abin da ya rage mashi.

"Ka ga karan?"

"Na gani."

"Ka ga ya zamna?"

"Na gani, Yaya."

"Da bakinka kake cewa mu tahi?"

Bakin nawa ne. Na ce, "Mu tafi."

Ya gyaɗa kai. Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya kakkaɓe hannu. Bai ɗauko karan ba, ya bar shi kwance a ciki.

Na duƙa na kama zanar zan ja in rufe. Ya ɗora ƙafarshi a kai. Na ja, ko motsi.

"Bar shi buɗe," ya ce.

"Don me?"

"Ni ina can Yamai kwance. Masu zowa da kai ba su san inda yake ba, kada su sha wahalar nema."